Ciwon baya a gonakin Kauru: abin da tausa ke iyawa da inda ta tsaya

Da zarar damina ta kankama a ƙaramar hukumar Kauru ta jihar Kaduna, manomi kan yini a duƙe, daga huɗa zuwa noman fari, daga nan zuwa maimai. A Damakasuwa da Geshere da ƙauyukan gindin duwatsu, mace kan ɗauko itace ko ruwa a ka, ga goyo a baya. Idan kaka ta zo, masu haƙon citta a kudancin jihar su ma a sunkuye suke yini. Da yamma kukan ɗaya ne: ƙugu ya riƙe, wuya ya sage. Abin da aka fara yi a gida shi ne tausa da man kaɗanya, ko a sa yaro ya tattaka bayan. In abin ya ci tura, a nufi wanzami ko maɗori.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, kuma adadin na iya kaiwa miliyan 843 nan da 2050. A kusan kashi 90 cikin 100, ba a samun wata cuta guda da za a nuna da yatsa a ce ita ce sanadi. Wannan ne ya sa masana suka koma duban wani sashe na jiki da aka daɗe ba a kula da shi ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana fiɗa ya ga wani farin tantani mai sheƙi da ke lulluɓe da tsoka. Shi ne likitoci ke kira fashiya. A jikin ɗan Adam ya naɗe kowace tsoka, ya haɗa ta da maƙwabciyarta, kuma a ƙasan baya ya yi kauri hawa-hawa, kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata kan wata. Tsakanin hawan akwai ruwa mai santsi da ke ba su damar zamewa idan mutum ya sunkuya ko ya juya, kuma tantanin na ɗauke da jijiyoyi masu jin zafi. Shekaru da dama masu nazarin sassan jiki suna yanke shi su zubar don su kai ga tsoka. Sai a 2007 aka yi babban taron duniya na farko a kansa, a birnin Boston na Amurka.

A 2011, Helene Langevin da abokan aikinta a Jami'ar Vermont suka duba bayan mutane da na'urar hoton ciki, suka ga zamewar hawan tantanin ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a wurin masu daɗaɗɗen ciwon baya. Sai dai binciken bai nuna wanne ya riga ba: taurin ne ya jawo ciwo, ko ciwon ne ya hana motsi har tantanin ya yi tauri.

A nan ya kamata mai jinya ya yi hattara da masu cewa hannunsu na warware tantanin da ya manne. Wani lissafi da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ƙarfin da ake buƙata kafin a ɗan miƙe tantanin cinya ko na tafin ƙafa ya zarce abin da hannu ke iya bayarwa nesa ba kusa ba. Sauƙin da ake ji bayan tausa gaskiya ne, amma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne jijiyoyi ne ke lafawa, tsoka ta saki, mutum ya samu zarafin motsawa. Sauƙi ne na kwanaki, kuma amfaninsa yana ga abin da aka yi cikin kwanakin nan.

Batun zama da tsayuwa ma haka yake. Bincike bai gano wata tsayuwa guda da ke kare kowa ba. Daɗewa a yanayi ɗaya da nauyin da ya wuce ƙima su suka fi illa. Ba za a ce wa mai fartanya ya daina duƙawa ba, amma yana iya miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya sauya aiki, ya raba buhu gida biyu. Kwanciya ta kwana da kwanaki kuwa takan tsawaita ciwon.

A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan daɗaɗɗen ciwon baya. Ta amince da wayar da kai da motsa jiki da tausa, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu, ko jan ƙashin baya da na'ura, ko ƙwayoyi dangin tramadol. Ko magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ake saye a kemis, yawan shansu na ɓata ciki da ƙoda.

Akwai ciwon da bai kamata hannun mai tausa ya taɓa ba sai likita ya gani: wanda ya biyo bayan faɗuwa daga itace ko babur, wanda ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka kan ci ƙashin baya, da wanda ƙafa ke mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Tsoho mai raunin ƙashi kuma kada a tattaka masa baya. Ana samun ƙwararrun gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Barau Dikko a Kaduna, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma mai jinya na da haƙƙin tambayar ko wanda zai taɓa shi yana da rajista da hukumar tarayya mai kula da wannan aiki, wadda aka kafa a 1988.