Masu Kiyaye Asabar da Sauran 'Yan Mishan

Da yawa daga malamai da fatake sun ɗauka Nasara duk tafiyarsu ɗaya ce. To, ba haka ba ne. A cikinsu akwai wata jama'a da ake kira Adbantis, watau masu jiran komowar Annabi Isa, alaihis salamu. Su ranar Asabar suke girmamawa, ba Lahadi ba. Daga faɗuwar ranar Jumma'a har faɗuwar ranar Asabar ba su saye, ba su sayarwa. Ba su cin alade, ba su shan giya, ba su shan taba.

An kafa ƙungiyarsu a garin Battle Creek na ƙasar Amurka cikin 1863. Cikin 1914 wani mai suna David Babcock ya kawo ta Nijeriya, ya sauka a Erunmu kusa da Ibadan. Daga baya suka hauro Arewa, suka zauna a Jengre, tsakanin Jos da Zariya, inda suka gina asibiti.

A wancan zamani 'yan mishan sun saba raba ƙasa a tsakaninsu, kowa da yankinsa, don kada wani ya shiga gonar wani. Cikin 1926 shugabannin Adbantis suka yanke shawara a kan wannan al'amari. Suka ce suna girmama duk wanda ke kiran mutane zuwa ga Almasihu, amma ba za su yarda a iyakance musu inda za su yi wa'azi ba, gama a ganinsu saƙonsu na dukan duniya ne. Saboda haka suna taimakon ƙungiyoyin da ke buga Littafi Mai Tsarki, suna kuma haɗa hannu da sauran wajen jinya da agaji. Amma ba su shiga Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya wadda aka kafa a Amsterdam cikin 1948 ba, sai dai su aika da 'yan kallo.

Sanin wannan yana da amfani. Falken da ke da ciniki ko bashi a wurinsu, sai ya kammala kafin magaribar Jumma'a, in ba haka ba ya jira sai Lahadi. Malami kuwa, in zai yi muhawara, ya fara sanin da wa yake magana, gama hujjar da ta ɗaure mai Lahadi ba lalle ta ɗaure mai Asabar ba. Allah Ya sa mu dace.