Tarihin Ƙungiyar Tseren Motoci ta Arrows da Ɗan Nijeriyar da Ya Sa Hannu Cikinta

TAMBAYA: Takardu uku muka samu a kan magana ɗaya. Ta farko daga wani direban motar haya ne a Ƙanƙara, ta biyu daga wani mai fataucin shanu a kasuwar Sheme cikin ƙaramar hukumar Faskari, ta uku kuma daga wani manomin masara a Sabuwa. Suna cewa wai sun ji an taɓa yin wani ɗan sarki daga Nijeriya da ya sayi ƙungiyar tseren motoci a Ingila. Shin gaskiya ne? Wace ƙungiya ce, kuma me ya zama ƙarshenta?

AMSA: To Malamai, mun gode da takardunku. Maganar tana da tushe, sai dai akwai gyara kaɗan a cikinta, domin wani kaso ya shiga saya, ba dukkan ƙungiyar ba. Sunan ƙungiyar Arrows, wato Kibau. Amma kafin mu kai kan ɗan sarkin, bari mu ɗan yi bayanin irin wannan tsere.

Tseren da ake magana shi ne wanda ake kira Formula 1. Ya sha bamban da tseren Paris zuwa Dakar da a da yake ratsawa ta Agadas a Jamhuriyar Nijar, inda ake keta rairayi kwana da kwanaki. Shi wannan a kan kwalta ake yinsa, a fili da aka kewaye, motoci su yi ta zagaye har su cika kimanin kilomita 305, wato abin da ya yi kusa da zuwa Kano daga Katsina da komowa, cikin kamar sa'a ɗaya da rabi. Motar mutum ɗaya take ɗauka, gudunta kuma yakan wuce kilomita 300 a sa'a. Kowace ƙungiya motoci biyu take sakawa, kuma doka ce ita za ta tsara gangar jikin motarta, amma tana iya sayo inji a wajen wani kamfani. Kuɗin aikin kuwa kaso mai yawa daga 'yan talla yake fitowa, waɗanda ake rubuta sunayen kayansu a jikin mota. Ku riƙe wannan, don nan gizo yake saƙa.

An kafa Arrows a ƙarshen shekarar 1977 a garin Milton Keynes na Ingila. Mutum biyar ne suka haɗa kai: Franco Ambrosio, wani attajiri ɗan Italiya da ya kawo jari, sai Alan Rees da Jackie Oliver da Dave Wass da Tony Southgate. Daga haruffan farko na sunayensu aka haɗa sunan ƙungiyar. Turawan Ingilan nan huɗu duk ma'aikatan wata ƙungiya ce mai suna Shadow, suka ɓalle suka kafa tasu. Cikin ƙasa da wata biyu suka ƙera motar farko, suka shiga tsere da ita a Barazil a watan Janairu 1978.

Da farko abin ya zo da armashi. A Afirka ta Kudu direbansu Riccardo Patrese, shi ma ɗan Italiya, ya wuce kowa yana kan gaba, saura kaɗan a gama sai inji ya buga. A Suwidin kuma ya zo na biyu. Ana cikin haka sai tsohon ubangidansu na Shadow ya kai su ƙara kotu a London, ya ce motar da suke tsere da ita tsarin motarsa ne suka kwaikwaya. Kotu ta ba shi gaskiya, aka hana su amfani da ita. Allah Ya so sun riga sun hango haka, sun fara ƙera wata, saboda haka ba su fashi tsere ko ɗaya ba. A wannan shekarar dai aka ɗaure Ambrosio a Italiya kan wata badaƙalar kuɗi. Ka ji yadda suka fara: shekara ɗaya, ga shari'a, ga mai jari a kurkuku.

Daga nan suka yi ta lallaɓawa a tsakiyar sahu. A 1981 a Long Beach ta Amurka, Patrese ya fi kowa gudu a ranar gwaji, aka sa shi a layin farko, kuma wannan ne karo ɗaya tak da suka samu haka. Shekarar da suka fi taɓukawa ita ce 1988, inda suka ƙare na biyar a jerin ƙungiyoyi. Wajen 1990 wani attajirin Japan, Wataru Ohashi, mai kamfanin jigilar kaya, ya zuba kuɗi, aka sake wa ƙungiyar suna zuwa Footwork daga 1991. Suka ɗauko injin kamfanin Porsche na Jamus da ɗoki, ashe ya yi nauyi, ga rashin ƙarfi, tun shekara ba ta ƙare ba suka ajiye shi.

A 1996 wani ɗan Sikotilan mai suna Tom Walkinshaw ya karɓi ragamar ƙungiyar, ya maido da sunan Arrows, ya mayar da ma'aikatar wani ƙauye da ake kira Leafield. Ya kuma yi abin da ya ba kowa mamaki: ya ɗauko Damon Hill, wanda ya ci kambin duniya a 1996 amma ƙungiyar Williams ta ƙi sabunta masa kwangila. A watan Agusta 1997 a ƙasar Hangari, Hill ya wuce Michael Schumacher, ya ba kowa rata ta fiye da daƙiƙa 30, abin da a wannan tsere tazara ce babba. Saura zagaye uku a gama sai bututun man da ke sarrafa giya da totur ya sami matsala, mota ta fara ja da ƙyar. A zagayen ƙarshe Jacques Villeneuve ya zo ya wuce shi, Hill ya ƙare na biyu. Abin da aka ba da labari daga baya shi ne wai wani ɗan wasa ne ya lalace, wanda kuɗinsa bai wuce rabin fam ɗaya ba. Malam direba na Ƙanƙara, kai ka fi kowa sanin wannan: ɗan ƙaramin ƙarfe da aka raina shi yake kwantar da mota a daji.

To yanzu mun zo kan ɗan sarkin. Sunansa Malik Ado Ibrahim, ɗa ga marigayi Alhaji Ado Ibrahim, Ohinoyi na ƙasar Igbirra da ke Okene a Jihar Kogi, wanda ya yi sarauta daga 1997 har rasuwarsa a 2023. A farkon 1999 aka ba da sanarwar cewa shi da wani bankin zuba jari na London mai suna Morgan Grenfell sun shiga ƙungiyar da hannun jari. Jaridun Ingila sun yi ta yayata labarin, domin ba a saba ganin baƙar fata ɗan Afirka cikin masu irin waɗannan ƙungiyoyi ba, kuma sun ambaci kuɗi har dala miliyan 125. Dabarar da ya zo da ita ita ce a ƙirƙiro wani tambari mai suna T-Minus, a manna shi a jikin motoci ya yi suna, sa'an nan a riƙa sayar da kaya da sunan, kamar abin sha mai ƙara kuzari, ribar ta riƙe ƙungiya. Tambarin ya hau mota, amma cinikin bai kankama ba, kuɗin da aka sa rai ba su shigo ba. A wannan shekara maki ɗaya tak ƙungiyar ta samu, wanda Pedro de la Rosa ɗan Sifen ya ciwo a Ostareliya. Kafin shekarar ta ƙare an raba gari, aka cire tambarin. Shi Malik ɗin daga baya ya shiga siyasa, har ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar YPP a zaɓen 2023.

Bayan tafiyarsa kamfanin wayar salula na Orange ya ɗauki nauyin talla daga 2000, aka ɗan farfaɗo. Amma bashi ya riga ya yi katutu. A 2002 masu injin Cosworth suna bin su kuɗi, ga kuma shari'a da bankin nan na Morgan Grenfell da ta hana a sayar wa wani sabon mai jari. Har ta kai a Faransa direbobinsu suka fita gwaji suka yi tafiyar hawainiya da gangan, don a ce dai sun halarta kada a ci su tara, amma ba su cancanci shiga tseren ba. Tserensu na ƙarshe a Jamus aka yi shi a watan Yuli 2002, daga nan aka rufe ma'aikata, ma'aikata suka rasa abin yi. An ƙirga sun shiga tsere 382 cikin shekara 25 ba su taɓa zuwa na ɗaya ba, sau biyar suna zuwa na biyu. Motocinsu ma ba su tafi a banza ba, don a 2006 wata ƙungiyar Japan mai suna Super Aguri ta gyara su ta shiga tsere da su.

Malam na Sheme ya ƙara da tambayar ko me ya kashe ƙungiyar. To, a taƙaice rashin jari mai ɗorewa ne. Manyan ƙungiyoyi irin su Ferrari suna da kamfanin mota a bayansu, ita kuwa Arrows kullum a hannun mai kuɗin da ya zo take, daga ɗan Italiya zuwa ɗan Japan zuwa banki, kowa ya janye sai a koma neman wani. Ga shi a wannan sana'a tun kafin shekara ta kama ake kashe kuɗin ƙera mota, ana dogara da alkawarin da aka yi. Kamar manomi ne da ya ci bashin taki ya shuka auduga bisa maganar wani dillali a Funtuwa cewa zai saye duka, kaka ta yi dillali bai zo ba. Saboda haka duk wanda zai haɗa jari da wani, ko na shanu ne ko na hatsi, ya ga kuɗi a hannu tukuna, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a kuma fayyace abin da za a yi idan ɗaya ya ce zai fita.