Rubuta sanarwa a Kano: Kalma ɗaya na iya kwantar da gari ko ta hargitsa shi

A watan Yunin 2024, ana saura kwanaki kaɗan a yi Babbar Sallah, rundunar 'yan sandan jihar Kano ta fitar da sanarwar haramta hawan Sallah. Sanarwar ba ta da tsawo, amma ta shafi dubban mutane a cikin ganuwa: masu dawaki da suka kashe kuɗi a kan kayan ado, teloli, masu sayar da abinci a Ƙofar Kudu, da iyalan da suka saba fitowa kallon Hawan Daushe.

A lokacin ana tsakiyar rikicin masarauta. A watan Mayun shekarar ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, bayan tube shi da aka yi a watan Maris na 2020, yayin da Aminu Ado Bayero ya tare a fadar Nasarawa. Kowane ɓangare na da kakakinsa, kowace sanarwa kuma sai an yi mata karatun ƙwaƙwaf.

A nan aka ga nauyin da ke kan jami'in hulɗa da jama'a. Ko kiran sunan sarki ya zama abin taka-tsantsan, har kafafen yaɗa labarai da dama suka koma cewa "sarki na 15" da "sarki na 16". Haka kuma "an ɗage", "an dakatar" da "an soke" ba ɗaya ba ne. Wanda ya ji an ɗage hawa zai ci gaba da shiri, wanda ya ji an soke kuwa sai ya kwance sirdi.

Birnin ya daɗe da sanin wannan aiki. Kafin zuwan rediyo, mai shela ne ke zagaya unguwanni da saƙon fada: daga wa ya fito, me ake so a yi, yaushe, a ina. Har gobe ita ce ƙa'idar, kuma a jimlar farko ya kamata a amsa waɗannan tambayoyi, ba bayan an gama jero sarautu da kirari ba.

Mafi yawan mazauna Jakara, Mandawari ko kasuwar Kurmi a rediyo ko WhatsApp suke samun sanarwa. Idan da Turanci kawai aka rubuta ta, wani ne zai fassara cikin gaggawa, kuskurensa kuma ya koma kan hukumar da ta fitar. Shi ya sa salon kakakin 'yan sandan Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, na yi wa jama'a bayani da Hausa a shafinsa na Facebook ya ja hankali.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya: gajerun jimloli da mai karanta labarai zai furta ba tare da sarƙewa ba, kwanan wata, suna da muƙamin mai sa hannu, da tantance kowane adadi kafin a fitar. Sanarwar da ba ta da waɗannan ita ce masu ƙirƙirar labaran ƙarya suka fi saurin kwaikwaya.

Cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963, ita doka ta bai wa ikon tantance masu sana'ar tun 1990. Amma a Kano, hukuncin ƙarshe na hannun dattijon da ke zaune a zaure da rediyonsa: ya gane saƙon tun jin farko, ko sai ya aika a tambayo?