Delfin L-29: Jirgin Koyo Da Ya Tsinci Kansa A Fagen Fama

Ba a fara koya wa yaro sukuwa a kan ingarma. Wannan ita ce matsalar da rundunonin sojan sama suka fuskanta bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Jirage masu injin jet sun maye gurbin masu farfela, kuma saurinsu ya fi ƙarfin ɗalibi sabon shiga. Saboda haka sai aka buƙaci wani jirgi na tsaka-tsaki, mai injin jet amma mai haƙuri da kuskuren ɗan koyo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki shi ne L-29, wanda tarihinsa ya ratsa ta Nijeriya.

Asalinsa

Kamfanin Aero Vodochody na ƙasar Cekoslobakiya ta da ne ya ƙera shi, bisa tsarin injiniyoyi biyu, Zdeněk Rublič da Karel Tomáš. Ya fara tashi ranar 5 ga Afrilu, 1959. A 1961 aka gwada shi da Yak-30 na Tarayyar Sobiyet da Iskra na ƙasar Folan, sai ya yi rinjaye, ya zama jirgin horo na ƙasashen ƙawancen Sobiyet, ban da Folan wadda ta riƙe nata. Daga 1963 zuwa 1974 an ƙera fiye da 3,500. Laƙabinsa Delfin sunan wata dabbar teku ce da mutane kan ɗauka kifi ce, alhali kuwa tana shaƙar iska kuma tana shayar da 'ya'yanta.

Sifarsa

Kujeru biyu ne a cikinsa, ɗalibi a gaba, malami a baya. An ɗan ɗaga kujerar malamin don ya riƙa hangen gaba, kuma yana da nasa abin sarrafawa, yadda zai karɓe tuƙi nan take idan ɗalibi ya rikice. Fikafikansa miƙaƙƙu ne, ba su karkata baya kamar na MiG ba. Wannan ya rage masa gudu, amma ya ba shi natsuwa wajen tashi da sauka, inda masu koyo suka fi yin haɗari. Yana iya sauka a filin ciyawa ko na ƙasa. Iyakar gudunsa kimanin kilomita 650 ne a awa guda, wato tazarar Sakkwato zuwa Illela ba za ta ɗauke shi minti goma ba.

Horon jiki

Ba hannu da ido kaɗai ake horarwa a irin wannan jirgi ba, har da zuciya da jijiyoyin jini. Idan jirgi ya yi kwana da ƙarfi, nauyin matuƙi kan ninka sau huɗu ko biyar. Jini sai ya gangara ciki da ƙafafu, zuciya ta kasa tura shi sama. Ido ne ke fara nuna alama: gani ya dushe, sannan ya yi duhu, daga nan sai suma. Ana koya wa ɗalibi ya ɗaure naman ƙafafu da na ciki, ya riƙa numfashi gajere-gajere, don jini ya tsaya a ƙwaƙwalwa. Haka kuma idan aka wuce mita 3,000 sama, iskar oksijin da ke shiga jini takan ragu, hankali ya dugunzuma ba tare da mutum ya sani ba. Gara ɗalibi ya fara sanin waɗannan alamu da malami a bayansa.

Zuwansa Nijeriya

An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a watan Afrilu na 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Bajamushe, Kanar Gerhard Kahtz, shi ne shugabanta na farko. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, rundunar ba ta da jirgin yaƙi mai injin jet. Ingila ta ƙi sayar mata da jiragen yaƙi, Amurka kuma ta ƙi sayar da makamai. Gwamnatin Yakubu Gowon sai ta juya gabas, ta samo MiG-17 da L-29 a wannan shekara. Nan fa aka ɗaura wa jirgin koyo rokoki da bama-bamai, aka tura shi fagen daga. Hare-haren sama na wannan yaƙi sun hallaka fararen hula da dama, abin da ya jawo wa gwamnati suka a duniya.

Bayan an gama yaƙi a watan Janairu na 1970, Delfin ya koma aikinsa na asali. Ɗalibi kan fara da ƙaramin jirgi mai farfela a Kaduna, sannan ya wuce makarantar Kano don koyon jet. A tsakiyar shekarun 1980 Nijeriya ta sayo ƙanensa, L-39 Albatros, daga wannan kamfani, ya gaje shi.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Ana iya sayen jirgi a kawo shi cikin 'yan makonni, amma matuƙi sai an yi shekaru ana renonsa. Ƙasar da ta yi sakaci da jiragen koyonta, ranar da buƙata ta taso za ta tarar da jirage a ƙasa ba mai tayar da su.