Lasin Farauta Ba Ya Ƙetare Iyakar Jiha

Wannan bayani ne zuwa ga maharban Wurno da Raba da Goronyo, da malaman da ke ba su fatawa, da fataken da ke sayen fatu a hannunsu.

Malamai sun san cewa a cikin Risala an halatta farauta muddin ba don wasa aka yi ta ba. To, amma halaccin shari'a daban, iznin hukuma daban, kuma mai fita daji a yau yana bukatar duka biyu.

A shekarar 1963, zamanin da Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba, yake Firimiya, aka kafa dokar namun daji ta Jihar Arewa. A lokacin nan hukuma ɗaya ce tun daga Sakkwato har Barno. Daga baya aka yi ta rarraba ƙasa: aka kafa Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kabi a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Kowace jiha ta kama mulkin dajinta. Saboda haka maharbin Raba da ya bi sawun gada ya faɗa ƙasar Zamfara, ya shiga hannun wata hukuma, takardarsa ta Sakkwato kuwa ba ta da ƙarfi a can. Balle wanda ya haura ƙasar Maraɗi, domin Nijar ta kafa tata dokar farauta a 1998.

Takardu biyu ne, kada a gama su. Ta farko lasin bindiga, wanda ke hannun 'yan sanda bisa dokar bindigogi ta 1959. Na bindigar toka yana wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta biyu lasin farauta, wanda ake nema a ofishin malaman daji na jihar da za a yi harbin. Mai nema ya tafi da kansa, ya tambayi dabbobin da aka yarje masa da waɗanda aka hana, ya karɓi rasit na abin da ya biya, ya duba ranar da takardar za ta ƙare. In ya haɗa da wasiƙar hakimi da shaidar Sarkin Baka, ya kyauta wa kansa.

Akwai kuma abin da lasin ba ya halattawa. Dokar tarayya ta 1985 ta hana kashe zaki da damisa da ɗankunya, ta hana cinikinsu. Farke ya lura, laifin bai tsaya ga mai harbi kaɗai ba, har mai sayen fatar.

A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa suna komawa Kano yin Salla, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe goma sha shida. Allah Ya jiƙansu. Ba mu ce takarda tana tare zalunci ba. Amma a zamanin da ɓarayi suka mamaye dazuzzuka irin na Gundumi, baƙo mai bindiga abin tuhuma ne. Wanda zai yi farauta a wata jiha, lalle ya fara gai da sarkin garin da 'yan sandan wurin, ya nuna takardunsa, sa'an nan ya shiga daji.

Allah Ya kiyashe mu, amin. Wassalam.