Ko Ka Sani? Ɓeran da Aka Yi wa Takardar Mallaka

Ko ka san akwai ɓeran da hukuma ta taɓa yi wa takardar mallaka, irin wadda ake yi wa sabon inji ko sabon magani? Ranar 12 ga Afrilu, 1988, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka ya bai wa Jami'ar Harvard takarda mai lamba 4,736,866 a kan wani farin ɓera. Shi ne dabba ta farko da aka yi wa haka a ƙasar. Kamfanin da ya sayar da shi ya sa masa suna OncoMouse, mutane kuma suka riƙa kiransa ɓeran Harvard. A ido ba shi da bambanci da sauran ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje. Bambancin yana cikin jikinsa: an haife shi da shirin kamuwa da ciwon daji, kuma 'ya'yansa da jikokinsa za su iya gadon hakan.

Masu binciken ciwon daji sun daɗe suna aiki da ɓera saboda dalilai masu ƙarfi. Yawancin ƙwayoyin gadon da ke jikin ɗan Adam suna da takwarorinsu a jikinsa. Cikinsa kwana 20 ne ko kusa da haka, yana haihuwa da yawa, kuma tsawon ransa bai cika wuce shekara biyu zuwa uku ba. Cutar da za ta ɗauki shekaru kafin ta bayyana a jikin mutum, a jikin ɓera cikin watanni za a ga farkonta da ƙarshenta. Matsalar dai ita ce, kafin wannan lokaci sai an jira cutar ta zo da kanta, ko a shafa wa ɓeran sinadari mai guba, ko a dasa masa ƙari. Duk wannan bai nuna wa masana takamaiman inda cutar take farawa ba.

A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka gano cewa ƙwayoyin gadon da ke haddasa ciwon daji ba baƙi ba ne, namu ne da ke aikinsu na yau da kullum, su ne suke lalacewa. Ɗaya daga cikin irinsu ita ce wadda ake kira myc, mai ba ƙwayoyin jiki umarnin su girma su rabu. Idan ta ɓaci sai ta zama kamar totur ɗin babur da ya maƙale: inji na ta gudu, ba mai iya rage shi.

Philip Leder da Timothy Stewart na makarantar likitanci ta Harvard suka ɗauki wannan ƙwayar gado, suka haɗa ta da wani guntun bairos da aka san yana motsa aiki a maman ɓera. Daga nan sai aikin hannu mai neman natsuwa. Ana ciro ƙwan ɓera jim kaɗan bayan barbara, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da hannu ɗaya mai aikin zai riƙe ƙwan da wani bututun gilashi mai ɗan zuƙo, da ɗaya hannun ya soka allurar gilashi wadda ido ba ya ganin bakinta, ya tura ruwan da ke ɗauke da ƙwayar gadon har sai ya ga tsakiyar ƙwan ta ɗan kumbura. Ƙwai da yawa a nan suke fashewa. Waɗanda suka tsira sai a saka su a cikin wata ɓera ta daban ta raini cikin. Bayan haihuwa a yanki ɗan bakin wutsiyar kowane jariri a gwada, don a gane wanda ya ɗauka.

A 1984 suka wallafa sakamakonsu. Matan ɓerayen sun fito da sankarar mama, musamman bayan sun yi ciki. Wani abin lura kuma, duk da cewa ƙwayar gadon tana ko'ina a maman, ƙarin a wuri ɗaya ko biyu kawai yake tsirowa. Wannan ya nuna myc ita kaɗai ba ta isa ba, sai wata ɓarnar ta biyo baya. A 1987 ɗakin binciken Leder ya haɗa ɓerayen myc da masu ɗauke da wata ƙwayar da ake kira ras, sai cutar ta riƙa fitowa da sauri ƙwarai a jikin 'ya'yansu. Da haka aka ga a jikin dabba mai rai cewa ciwon daji mataki-mataki yake ginuwa.

To ta yaya mai rai ya zama abin mallaka? Abubuwa biyu da suka faru a 1980 ne suka share hanya. Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yarda a yi wa Ananda Chakrabarty rajistar wata ƙwayar bakteriya da ya sauya don ta narkar da ɗanyen mai. A shekarar kuma aka yi dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, abin da ya sa jami'o'in Amurka suka duƙufa neman irin waɗannan takardu. Takardar Harvard kuwa ba ta tsaya a kan ɓera ba. Ta haɗa da duk wata dabba mai shayarwa, ban da mutum, da aka saka wa irin wannan ƙwayar gado.

Sauran ƙasashe ba su karɓi abin da sauƙi ba. Ofishin rajista na Turai ya ƙi a 1989, ya amince a 1992 bayan ya auna wahalar da dabbar za ta sha da amfanin da marasa lafiya za su samu. Ƙungiyoyin kare dabbobi da na addini suka yi ta ƙorafi, har a 2004 aka taƙaita takardar ga ɓeraye kawai. Da wannan ma'aunin ne ofishin ya ƙi wani ɓeran kamfanin Upjohn da aka yi don gwajin maganin sanƙo. A Kanada, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2002, ita ma 5 a kan 4, cewa za a iya mallakar dabarar yin ɓeran, amma ban da ɓeran kansa. Dokar Najeriya ta 1970 tun farko ta cire nau'o'in dabbobi da tsirrai daga abin da ake yi wa wannan rajista.

Rigimar da ta fi zafi a tsakanin masanan kansu ta tashi. Kamfanin DuPont ne ya zuba kuɗi a ɗakin binciken Leder, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Harvard ta miƙa wa kamfanin lasisin ɓeran shi kaɗai. A da, al'adar masu binciken ɓera ita ce kyauta: wanda ya samar da sabon iri zai aika wa abokan aikinsa, ko ya ajiye a cibiyar Jackson da ke jihar Maine kowa ya saya da araha. DuPont ya sa dala 50 a kan kowane ɓera, ya hana mai saye ya bai wa wani, ya nemi a riƙa ba shi rahoton binciken, ya kuma ce yana da rabo a duk abin sayarwa da aka gano da ɓeran. Masana da yawa suka ƙi, wasu suka ci gaba da haifar nasu suna rabawa a tsakaninsu. Sai a 1999 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka cimma yarjejeniya da kamfanin, aka sassauta wa masu binciken da ba na kasuwanci ba. Daga baya Fiona Murray ta jami'ar MIT da abokan aikinta suka bi diddigin abin da ya biyo baya, suka ga bincike ya ƙaru bayan sassaucin, sababbin masana da sababbin jami'o'i sun shigo fagen. Takardar farko ta Amurka ta ƙare wa'adinta a 2005.

Wanda ya sha wahalar bincike ya cancanci ladan guminsa, kuma kamfanin da ya zuba kuɗi ba laifi ba ne ya nemi riba. Idan babu wannan, magunguna da yawa za su tsaya a takarda. Amma ɓeran Harvard ba magani ba ne, kayan aikin neman magani ne, kuma duk shekarar da aka kulle shi mai jinya ne ya yi asararta. Jami'o'inmu na Najeriya da ke buɗe ofisoshin rajistar fasaha tare da hukumar bunƙasa fasaha ta ƙasa, NOTAP, su riƙe wannan darasi. Ku yi rajistar abin da kuka ƙirƙira don kada a ƙwace muku, amma duk lasisin da za ku sa wa hannu, ku rubuta a ciki cewa ɗalibi da mai bincike za su yi aiki da shi ba tare da shamaki ba.