Daga Dalijan Zuwa Norwe: Abubuwan Mamaki 9 Game da Tukunya da Asali

Mai neman asalin gidansu yakan tafi wajen malami mai kundi, ko wajen maroƙi mai kirari. Akwai shaida ta uku da ba a cika tambaya ba, wato tukunya. Ga kaɗan daga abin da take faɗa a ƙasar Gwandu, da kuma wata ƙasa mai ƙanƙara can arewacin Turai, wadda muka yi tarayya da ita fiye da yadda ake zato.

1. Kan kifin da ya ƙetaro teku

Busasshen kifin nan mai taurin itace, wanda Inyamurai ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla, daga Norwe yake zuwa. A tsibiran Lofoten ake rataye shi a kan katako daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, ba gishiri ba hayaƙi, iskar sanyi kaɗai ke busar da shi. Mu banda muka sani, su kuwa hunturu ne wutarsu. Italiya ke kwashe zaɓaɓɓen, kawunan kuma galibi Najeriya suke yowa. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, yana cikin kayan agajin da aka kai wa masu fama da yunwa.

2. Su ma da ruwan toka suke girki

Idan mutanen Norwe za su ci wannan kifin lokacin Kirsimeti, sai su jiƙa shi a ruwa mai kaifi irin na toka har ya yi lugub, sannan su ɗauraye shi kwana da kwanaki. Lutefisk suke ce masa. Duk wadda ta taɓa tace toka ko ta jefa kanwa a miya ta san dabarar. Girkin ma ya yi ƙaura: daga 1825, lokacin da wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga Stavanger zuwa New York, har zuwa shekaru 100 bayan haka, mutum kusan 800,000 suka bar Norwe zuwa Amurka. Yawancin jikokinsu a jihar Minnesota ba sa jin harshen kakanninsu, amma duk shekara wasunsu kan taru a coci su ci wannan kifin. Harshe ya tafi, ɗanɗano ya zauna.

3. Sunan gona, sunan gari

Da yawa daga sunayen dangi a Norwe sunayen gonaki ne. Mutum kan ɗauki sunan gonar da yake zaune, in ya tashi ya sake suna, sai a 1923 doka ta ce kowane gida ya tsaya a kan suna ɗaya. A nan kuwa gari muke liƙawa. Yaro ya shiga makaranta, malam ya tambayi daga ina, sai ya zama wane Dalijan, wane Kalgo, wane Gwandu. Haka aka samu Shagari da Tambuwal a takardun mulki.

4. Masarautar da ta tsiro a gona

Masu tarihi na cewa daga kalmar gandu sunan Gwandu ya fito, don wurin gandun Kanta ne, Sarkin Kabi. A 1805 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka nan da jama'arsa, daga baya garin ya zama mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi. Kalgo kuwa ya yi suna ɗaya da itacen da ake ɓare ɓawonsa a ɗaure damin gero.

5. Baƙon da ya samu littafi da albasa

A 1853 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya zo Gwandu, zamanin Sarki Halilu, wanda bai yarda sun ga juna ba. A nan ya ci karo da Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbuktu. A labarin tafiyarsa kuma bai manta da albasar garin ba. Yau ma in an ce albasa, sai a ce Aliero, maƙwabciyar Gwandu.

6. Shinkafa ta riga Bature isowa

Kafin shinkafar Lake Rice ta jihohin Kabi da Legas a 2016, kafin injin casa, akwai jar shinkafar gida. Irinta daban ne da na Asiya, kuma a yankin kogin Kwara na sama, a ƙasar Mali ta yau, aka fara nomanta kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Tsohon da ya ce tuwon shinkafar fadama gadonsa ne, bai yi ƙari ba.

7. Kowane gida da warin daddawarsa

Je ka tsaya bayan ɗakin wata tsohuwa a Dalijan ranar da take aikin kalwa. Ta kwana tana tura itace ƙarƙashin tukunya. Da safe ta zuba a turmi ta surfe, ta wanke har ɓawon ya taso, ta sake dafawa, ta juye a kwando ta lulluɓe da ganye da tsumma, ta kai lungu. Kwana biyu zuwa uku, wari ya sanar da maƙwabta. Jikanta ya wuce yana toshe hanci, ta ce, "Kai miji na banza, da wannan aka yi wa ubanka miyar yaye." Ya ce, "Kaka, shi ya sa na ƙara aure." Ta kai masa muciya, ya tsere. Ba ta da ma'auni sai tafin hannu, ba ta da agogo sai hanci. Wani gida kalwar ɗorawa suka sani, wani kuma daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Mutanen Norwe ma suna da rakfisk, kifin da ake tsimawa da gishiri wata da watanni a ci ba dahuwa. Abincin wani, gubar wani.

8. Gara, wasiƙar dangin amarya

Ranar da aka kawo gara, matan gidan ango ba ƙirga kwalla kaɗai suke yi ba. Su gutsuri alkaki, su lashi nakiya, su duba murɗin dubulan, su shinshina man shanu. Daga nan suke karanta hannun uwar amarya da gidan da ta fito. Ta wannan hanya girke-girke ke ƙaura: Bafulatana ta shigo da damun furarta, Bazabarma da dambunta da kwaɗon zogale, Bakaba da miyar kifinta. Bayan jika biyu, sai a ce abincin gidanmu ne tun fil azal.

9. Kifin da ya rufe gaba

Shekaru masu yawa Kabawan Argungu da daular Sakkwato da Gwandu suna zaman doya da manja. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga nan bikin ya samo siffarsa ta yau, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya.

Mai karatu, in kakarka na raye, kada ka jira sai ranar sadakar uku ka fara tambaya. Ɗauki wayarka ka zauna kusa da murhu, ka tambaye ta wa ya koya mata wannan miyar, kuma daga wane gari aka auro wadda ta koya matan. Da tsohuwar zuma ake magani.